Itacen Wankan Jegona

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Takur nake rubuto maka, amma don Allah a sakaya sunana. Cikin fari ne da ni, ka kuwa san ba a faɗa.

Watana bakwai yanzu. Tun ranar da maigidana ya fara tara itacen wankan jego na rasa sukuni. Ina tsakar gida ina tankaɗe ya sauke damin farko, sai ƙirjina ya hau bugawa, numfashi ya ƙi fita, gumi ya wanke ni. Na durƙushe ina salati, na ɗauka ajalina ne ya zo. Malam, haka aka tara wa yayata itace a Taura, ta rasu wajen haihuwa, kuma da shi aka tuƙa tuwon sadakar ukunta.

Hajiya surukata ta ce iska ce, ta turara ni, hayaƙin ya ƙara shaƙe ni. A wajen awo malamar asibiti ta duba ni, ta ce lafiyarmu ƙalau, fargaba ce. Ta ce in ta taso in zauna in riƙa jan numfashi a hankali, sannan in gaya wa wani nawa.

Numfashin ina ja, fargabar tana ɗan lafawa. Amma wa zan gaya wa? Inna ko kallon cikin ba ta yi, don kara. Maigida kuwa murna yake ta yi, yaya zan ce masa itacensa nake tsoro?

Iyayena mata masu sauraro, ku taimake ni da shawara. Maigida ya ce gobe ma zai kawo wani dami.