Shekarun Nomau Kashi Biyu

A tashar Gazawa, Nomau ya tarar wani dattijo ya riga shi dafa ƙofar gaban mota.

"Malam, babba ke zama gaba," in ji Nomau. "Shekaruna sittin da shida."

"Ni sittin da biyar. Da wane lissafi ka ƙirga?"

"Na Hijira mana! Shekararmu ta fi gajarta, nan da nan mutum ya tara girma."

"Na Nasara fa?"

Nomau ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan na zawarci ne. Da shi sittin da huɗu nake. Kande mai fura da nake nema a Gangara, huɗun ma ban gaya mata ba."

Dattijon ya buɗe masa ƙofa. "Bismilla, shiga, Baba. Ni yayan Kande ne, wurinta za ni. Kafin mu isa, ka zaɓi kalanda ɗaya."