Alawar Banki

A layin sayen takardar aika kuɗi na wani kanti a Tulsa, wata dattijuwa ta dubi mutumin gabanta, mai sunan Wendell a aljihun riga.

"Wendell, duk haya za ka biya da katin banki har huɗu?"

"Ina haya, Mama? Takardar nake saye da kati, kamfanin jirgi ya ba ni maki, in mayar da ita asusuna. In maki ya taru, tikiti kyauta ke nan."

"Banki ba ya tambaya?"

"Na fi su wayo. Sai kuɗin ya haura dala dubu goma suke cika fom ɗin hukuma. Ni dubu tara da ɗari tara nake zubawa, a rassan banki uku."

"Shekara talatin na yi a kantar banki. Mai tsayawa daf da dubu goma, shi muke kai rahotonsa hukuma. Rarrabawar ita ce laifin."

"Ai kuɗin gumina ne!"

"Ka gaya wa alƙali."

"Da sun kai ni, da sun faɗa mini."

"Doka ta hana mu faɗa. Murmushi muke yi, mu miƙa maka alawa."

Wendell ya laluba aljihunsa.

"Jiya har biyu ma'aikaciyar bankin ta ba ni."