Inda na durƙusa bayan an girbe dawa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, mai jin kukan gwauraye.

Sunana Laraba. Ina koyarwa a wata firamaren gwamnati ta wajen Dayi, kuma ni kaɗai ce Kirista a cikin malamai. Ba mu taɓa faɗa da kowa ba, a kwano ɗaya muke cin ɗanwake.

Mijina ya rasu a asibitin Malumfashi da hantsi, daidai lokacin da yara ke fita tara. Tun daga nan, kullum aka kaɗa ƙararrawar tara sai ƙirjina ya toshe. Maganina ɗaya ne. In yara sun fice, sai in tura ƙofar aji in durƙusa, in yi kuka a gaban Ubangiji har in samu ƙarfin ƙarasa darasi.

Wata rana wata ɗaliba ta leƙo ta gan ni a durƙushe, na dafa benci. Ta je gida ta ce Malama tana yi wa wurin zamansu addu'ar coci. Kafin mako ya zagayo, iyaye sun cika ofis.

Hedimasta ya kira ni, ya kasa ma kallon idona. Ya ce, "Malama, wallahi na san ba ki da mugun nufi. Amma sun ce ko ki daina, ko su kwashe 'ya'yansu. Ki yi haƙuri, kada ki ƙara yi a harabar makaranta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga tabarmin sallarku can a gindin darbejiya, ban taɓa cewa uffan ba."

Ya ce, "Na sani. Abin ya fi ƙarfina."

Wayyo, 'yan'uwa! In na bar aikin, me marayuna za su ci? In na bar addu'ar, da wace ƙafa zan tsaya gaban allo?

Makarantarmu ba ta da katanga, iyakarta wata gonar dawa ce. Damina ce lokacin, dawa ta fi mutum tsawo. Sai na riƙa kutsawa ciki in durƙusa tsakanin kunyoyi kamar ɓarauniya, in fito zanena duk laka. Haka na lallaɓa har kaka.

Ran wata Litinin na fito, na tarar an girbe. Fili fetal! Na tsaya a bakin gona, yara suna kallona ta taga. Na juya na koma.

Abin da ya biyo baya ba na so in tuna. Bakina ya bushe, ko a gida na kasa addu'a. In an kaɗa ƙararrawa sai in zauna in ƙura wa bango ido. Alli ya riƙa suɓuce mini a hannu. Na rame, na daina zuwa zumuntar mata ta coci. Ba zan ɓoye muku ba, har na yi fatan in bi mijina in huta.

Ranar da na yanke shawarar ajiye aikin, ina tafe a hanya na ce a zuciyata, "Ya Yesu, duk faɗin ƙasar nan taka ce, amma ni ba ni da inda zan sa gwiwa. Na gaji. In kana da sauran magana da ni, ka yi."

Da aka tashi tara, sai na ji ana kira daga gona, "Malama! Malama!" Wani tsoho ne mai farin gemu, da carbi a hannu. Ashe shi ne mai gonar. A bayansa ga 'yar bukkar kara sabuwa, an ɗaure ta tsaf, ƙofarta tana kallon daji.

Ya ce, "'Yata, duk daminar nan ina ganin sawunki, ina jin kukanki in ina noma. Da muka girbe na ga kin daina zuwa, abin ya tsaya mini a rai."

Na ce, "Baba, ka san fa ni Kirista ce. Za a yi maka surutu."

Ya ce, "Na sani. Nan gonata ce, ba ta gwamnati ba. Shiga ki gaya wa Allah damuwarki."

Na shiga na faɗi a kan gwiwoyina, bakina ya buɗe. Halleluya!

Ban zo in ce muku an ɗage dokar ba. Tana nan. Ƙirjina har yanzu yana toshewa, kuma na san ruwan farko zai rushe bukkar, ban san inda zan nufa ba kafin sabuwar shuka ta yi tsawo. Amma yau ina da rai, ina aikina, na gode wa Yesu. Kai da ka ga kamar an rufe maka ko'ina, kada ka saki Ubangiji. Ku sa ni a addu'a, ku sa da tsohon nan. Amin.