Jif Ɗin Hafizullahi

A tashar Isa, wani dattijo da wani direba suna zaune bisa benci, suna jiran mai shagon kayan mota.

"Baba, wanga famfon mai da ke hannunka ai na babbar jif ne. Wani alhaji kake tuƙawa?"

"Manomi ne ni, daga Unguwar Lalle. Motar tana gida, ni ke gyaran ta."

"Da kanka? Motar da bakanike ma ke gudu?"

"Shekara biyu ina fama. Na sake filogi, na sake batir, jiya na wuni ƙarƙashinta har bayana ya ƙage. Na gaji."

"Ka kai ta gareji mana."

"Wa zai hau hanyar Sabon Birni da ita? Mutanen daji su hango ta su ce mai kuɗi ne."

"To ka sayar. Motar da ba ta fita, mi ne amfaninta?"

"Ta ɗana Hafizullahi ce. Ya tafi Burkusuma bisa babur, har yau babu labari. Da zai tafi ya ce ma uwarsa a riƙa tayar da ita, kada injin ya kwanta. Duk ranar da uwar ta ji ƙarar, tana cin abinci. Kwana tara ke nan motar ta ƙi tashi."

Direban ya karɓi famfon ya jujjuya.

"Ni ma ƙanena haka ya ɓace, bara, hanyar Tsamaye. Gobe ba ni da lodi, za ni zo in duba. Ka ce ma Inna ta aza tukunya da ni."