Takardar Jidda a Hannun Jaka

A tashar Haɗejiya, motar Kano na jiran ciko. Alhaji Bunu sai tsaki yake yi, har mai farar hular da ke gefensa ya tanka.

"Alhaji, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Jiya jirgi ya kawo ni daga Legas, ya baro jakata. Atamfofin lefen ɗana ne a ciki, jibi za a kai. Kano zan koma in ji ko ta iso."

"Assha. Ka cire tsohuwar takardar da ake liƙawa a hannunta?"

"In cire? Ta Jidda ce fa, tun Umarar bara waccan! In na cire, wa zai san na je?"

"To, ga ta nan. Na'ura ke karantawa, ba mutum ba. Ta ga Kano, ta ga Jidda, ta rikice, sai a ture jakar gefe har jirgi ya tashi."

Alhaji Bunu ya tuna yadda ya naɗe takardar da salatif don kada ta yage.

"Kai ma'aikacin jirgi ne?"

"Ina! Barkono nake sayarwa a Kafin Hausa. Tawa jakar ma sai da ta yi mako kafin ta iso."

"Mako! To ka cire taka takardar?"

"Na cire mana. Tana manne a ƙofar shagona."

Alhaji Bunu ya laluba aljihu, ya kira gida.

"Zara, ki roƙi surukai su ɗaga mana mako guda. Sannan a goge mini ƙofar zaure, akwai abin da zan manna."