Bolum Mai Ɗari Biyu da Hamsin

Ranar kasuwar Batsari, Yusha'u ya ajiye jitarsa ta lantarki a teburin wani mai gyaran rediyo.

"Maigida, bolum ɗinta ya mutu. A canza mini."

Mai gyara ya kwance ta, ya leƙa. "Iri biyu gare ni, mai ɗari biyu da hamsin da mai ɗari biyar. Lambarsu ke nan, ba kuɗinsu ba."

"Mene ne bambancin?"

"Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyarka mai layi biyu ne, ɗari biyar yake so. Sauti zai fito tar, ya keta ganga, na bayan taro ma ya ji. Ɗayan dusashe mata murya zai yi."

"Sa mini ɗayan."

"Haba malam! A gidan biki ai mai ganga binne ka zai yi."

"Mai gangarmu yana Kano yana tura baro. Mawaƙinmu kuwa, tun da aka tashe mu daga ƙauyenmu wajen Runka ban ji ɗuriyarsa ba."

Mai gyara ya sassauta murya. "To ina kake kaɗa ta yanzu?"

"A ɗakin da aka ba ni aro. Sa mini wanda ba zai wuce ƙofa ba. In sautin ya yi nisa, sai in riƙa jiran mai ganga da mawaƙi su amsa."