Tarin da ya shiga garken Gwaggo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rakiya daga Jiratawa.

Gwaggona tsohuwa ce, tun rasuwar mijinta da awaki take riƙe kanta. Kwanakin baya ta sayo akuya a kasuwar Tibiri, ta sake ta cikin garke a ranar. Ba a jima ba awaki suka fara tari, majina na zuba, suna nishi. Muka ɗauka mura ce, muka yi ta jiƙa musu sassaƙe.

Da babbar akuyarta ta mutu, na matsa muka kira likitan dabbobi daga Maraɗi. Ya feɗe ta a gabanmu. Wallahi Malam, ƙirjin cike yake da ruwa rawaya, huhun ya manne da haƙarƙari, ɓangare guda ya yi tauri kamar hanta. Ya ce: "Inna, ciwon huhu ne mai yaɗuwa. Wataƙila baƙuwar ce ta kawo shi."

Gwaggo ta zauna ƙasa tana hawaye, tana cewa: "Ashe da hannuna na jawo musu." Likitan ya rarrashe ta, ya ware masu tari, ya yi musu allura. Wasu sun tashi, amma rabin garken ya tafi.

Yanzu Gwaggo tsoron sayen dabba take. Don Allah masana su gaya mana, tsawon wane lokaci ya kamata a ware baƙuwar akuya?

Ina gaida matan Jiratawa masu kiwo, Allah ya tsare mana bisashenmu.